Shari'ar Shomer: Ranar Da Yahudawa Suka Gurfanar Da Marubucin Soyayyarsu

Mai karatu, bari in karanto maka wata takardar tuhuma, kai kuma ka faɗa mini wanda ake tuhuma. An ce marubucin nan ɓarawon labari ne, daga littattafan ƙasashen waje yake kwasowa, ya canza wa mutanen ciki suna kawai. An ce duk littattafansa ɗinkin tela ɗaya ne, in ka karanta guda ka karanta ɗari. An ce rayuwar da yake nunawa ba ta mutanensa ba ce. An ce akwai batsa a ciki, harshensa gurɓatacce ne, kuma bai kamata uba ya bar 'yarsa budurwa ko ɗansa ɗan makaranta su taɓa su ba.

Na san inda hankalinka ya tafi. Ka tuno ce-ce-ku-cen shekarun 1990 a kan abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, ko kuma zargin wankin finafinan Indiya da aka daɗe ana yi wa 'yan fim ɗinmu. To ba nan ba ne. Wannan tuhuma an buga ta ne a 1888, a garin Berdichev na daular Rasha, wanda yau yake cikin ƙasar Yukren. Mai ƙara Bayahude ne, wanda ake ƙara Bayahude ne, masu karatun da ake faɗa a kansu su ma Yahudawa ne.

Na kuma san akwai wanda da jin kalmar Yahudawa zai so ya buɗe shafi na gaba, saboda abin da yake gani a labarai game da Falasɗinu. Wannan ciwo na gaske ne, kuma ba shi na zo taɓawa yau ba. Mutanen da zan ba ka labarinsu teloli ne da mahauta da 'yan koli da 'yan aikin gida, waɗanda suka yi wannan rigima shekara 60 cif kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Rigimar tasu a kan littafi ce: wane ne yake da ikon cewa wannan adabi ne, wancan shara ne? Ka ba ni aron kunnenka.

SU WANE NE MUTANEN?

A ƙidayar da daular Rasha ta yi a 1897 an samu Yahudawa sama da miliyan 5 a ƙasar. Ba a yarda su zauna inda suka ga dama ba. Tun 1791 aka fara shata musu wani yanki a yammacin daular, wanda yau ya faɗa cikin ƙasashe irin su Yukren da Belarus da Lituweniya da Moldoba da Polan, aka ce nan ne iyakarsu, sai ƙalilan masu takardar izini. Haka aka yi ta tafiya har 1917. A 1882 aka ƙara ɗaure su da dokar da ta hana su yin sabon zama a ƙauyuka da sayen gona. Sai suka cunkushe a ƙananan garuruwan kasuwa da suke kira shtetl, ga talauci, ga fargabar ranar da maƙwabta za su far musu da gatari da wuta, kamar yadda aka yi a 1881 da 1903 da 1905.

Harshe biyu suke da shi. Akwai Ibrananci, harshen Attaura da addu'a da malamai, wanda yara maza ke fara koyo tun suna ƙanana a gaban malami. Akwai kuma Yidish, harshen gida da kasuwa, wanda tushensa tsohon Jamusanci ne da ya gauraya da Ibrananci da harsunan Polan da Rasha. Da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami. Kusan kowa da shi ya buɗe baki, amma masu ilmi raina shi suke yi. Sunan da ake kiransa da shi a lokacin ma yana nufin gwaranci ne. Duk mai son a san shi masani ne sai ya yi rubutu da Ibrananci ko Rashanci ko Jamusanci. Yidish an bar wa mata da waɗanda karatu bai yi musu nisa ba. Tun ƙarni na 17 matan suna da littafinsu na ƙissoshin Attaura da suke karantawa ran Asabar, ranar hutunsu.

Ka riƙe wannan, don nan ne gizo yake saƙa. Duk wanda ya zagi littafin Yidish a wancan zamani, ko ya sani ko bai sani ba, mata da talakawa yake yi wa hannunka mai sanda.

SHOMER, SARKIN KASUWA

Sunansa na yanka Nokhem Meyer Shaykevitsh, amma da laƙabin Shomer duniya ta san shi. Daga wajen ƙarshen shekarun 1870 ya fara zubo littattafan soyayya da Yidish kamar ruwan Agusta. An ƙiyasta abin da ya rubuta ya haura 200, ban da wasannin kwaikwayo. 'Yan kolin littattafai su ɗaure su a ƙunshi tare da littattafan addu'a, su bi gari-gari suna sayarwa. Wanda ba shi da kuɗin saye ya yi haya. Littafi guda sai ya zagaye unguwa, har bangonsa ya cire.

Labarin nasa ba ya ɓata maka lokaci. Ga yarinya kyakkyawa, ga saurayi talaka mai zuciyar zinariya. Ga mugun attajiri ko munafukin mai ibada da ya ƙulla musu sharri. A sha wuya, a yi kuka, a raba masoya. Can a ƙarshe sai asiri ya tonu, talakan nan ya zama mai dukiya, mugu ya faɗa ramin da ya gina, a ɗaura aure. In ka ce ka taɓa ganin irin wannan a sinimar unguwarku, ban musa maka ba.

Amma mu yi masa adalci. Shomer yana daga cikin 'yan bokon Yahudawa masu neman a waye, kuma cikin waɗannan labarai nasa yana sukar auren dole da aurar da yara da masu fakewa da addini suna cutar mutane. Yarinyar da take wanke-wanke a gidan wani, wadda aka riga aka yanke mata miji ba tare da an tambaye ta ba, a littafin Shomer ta fara jin cewa zuciyarta ma tana da ta cewa. Dubban mutane a kansa suka koyi ɗabi'ar karatu don nishaɗi.

SALAMU ALAIKUM YA SHIGAR DA ƘARA

Wanda ya ja shi kotu wani matashi ne ɗan shekara 29, Sholem Rabinovich, haifaffen garin Pereyaslav a 1859. Laƙabinsa na rubutu Sholem Aleichem, wato dai salamu alaikum, gaisuwar nan tamu da tasu. Ya ɗanɗana talauci yana yaro, uwarsa ta rasu da kwalara yana ɗan shekara 13, ya tashi a hannun kishiyar uwa mai zafin baki, har an ce rubutunsa na farko shi ne jera zage-zagenta bisa tsarin abajada. Daga baya ya samu aikin koyar da 'yar wani attajiri mai suna Olga, suka so juna, uban ya kore shi, amma suka yi aure a 1883. Da surukin ya rasu a 1885 dukiya ta dawo hannunsa. Ka lura, labarin rayuwarsa shi kansa sai ka ce Shomer ne ya rubuta!

Ɗan littafin da ya fitar a 1888 sunansa Shari'ar Shomer. Maimakon ya yi sharhi irin na yau da kullum, sai ya ƙaga zaman kotu: ga alƙali, ga mai gabatar da ƙara, ga lauya mai kare wanda ake tuhuma, ga masu taya alƙali yanke hukunci, ga tulin littattafan Shomer a matsayin shaida. Ya nuna kamar shi magatakarda ne kawai, yana rubuta abin da aka faɗa. Ana ɗauko littattafan ɗaya bayan ɗaya ana feɗe su, ana nuna inda aka kwaikwayi labaran Turawa, ana ba'a ga harshen da aka cika wa kalmomin Jamusanci don burga. Mai karatu yana dariya, ana yanka mutum. Hukuncin kuwa tun kafin a zauna an san shi. Daga nan sunan Shomer ya zama wani abu kamar zagi a bakin masana, aka haɗa shi da kalmar shund, wato shara. A 1889 ya yi ƙaura zuwa Niyok, ya ci gaba da rubutu, ya mayar da martani, ya rasu a can a 1905. Ciwon bai bar iyalinsa ba: a 1950 'ya'yansa mata biyu suka fitar da littafi don wanke sunan ubansu.

To, an yi adalci? A ganina rabi da rabi. Mai ƙara ya yi gaskiya a abu biyu. Na farko, harshen da marubuci yake jin kunyarsa, har sai ya yi masa kwalliya da aron kalmomin wasu, ba zai taɓa girma ba. Na biyu, labarin da kullum gādo ko sa'a ke warware matsalarsa yana sa talaka barci ne kawai, ya farka ya tarar da tukunyarsa yadda ya bar ta.

Amma laifi tudu ne. Wannan kotu, alƙalinta shi ne mai ƙara, shi ne magatakarda, shi ne kuma abokin gasar wanda ake tuhuma a kasuwa. A shekarar nan ta 1888 Sholem Aleichem ya zuba kuɗin gādo ya fitar da wani kundin adabi na shekara-shekara a Kiyef, yana biyan marubuta kuɗi mai tsoka irin wanda ba a saba gani ba. A ciki I. L. Peretz ya fara fitowa da Yidish. Shi ne kuma ya naɗa wa dattijo Mendele laƙabin kakan adabin Yidish, ya kira kansa jika. Ka ga mutum yana gina gidan sarauta, dole ya nuna wanda za a bari a waje. Sannan abin da ya fi damuna: a duk zaman kotun nan, yarinyar da ta tara 'yan kwabbanta ta yi hayar littafin ana maganarta ne kamar marar lafiyar da aka ba guba. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato me take nema a ciki wanda ba ta samu a gidansu ba, ita ce aka tsallake.

TO KAI RUBUTA NAKA MU GANI

Inda Sholem Aleichem ya sha bamban da yawancin masu suka shi ne bai tsaya a zagi ba. A cikin kundin nan nasa ya buga nasa littafin soyayyar, Stempenyu, don ya nuna yadda ya kamata a yi. Labarin wani mai goge ne da ke kiɗa a gidajen biki, wanda kiɗansa ya sace zuciyar wata matar aure mai suna Rokhele. Ta kai bakin rami, ta tuna ko ita wace ce, ta koma ɗakin mijinta. Hujjarsa ita ce Yahudawa ba sa soyayya irin ta littattafan Faransa, don haka littafinsu dole ya bi tarbiyyarsu. Littafin yana da daɗi a wurin kiɗa da hayaniyar biki, amma ni dai ina jin hannun malamin tarbiyya a wuyan yarinyar. An rubuta shi ne don a ci gardama.

Sai da duniya ta juya masa baya sannan ya rubuta abin da ya tsaya. A 1890 ya yi asarar dukiyar nan kaf a kasuwar hannun jari, ya gudu don masu bin bashi. Daga 1894 ya fara labaran Tevye Mai Madara, yana sakinsu ɗaya-ɗaya har tsawon shekara 20. Tevye talaka ne mai keken doki, yana zaune a ƙauye, yana kai madara da man shanu da cuku gidajen hutun attajiran birni. Shi ke ba da labarin da bakinsa, duk sanda ya haɗu da marubucin a hanya. Duk haɗuwa ya ƙara tsufa, duniya ta ƙara canzawa. Ba ya faɗin jimla uku bai jawo aya daga Attaura ko Zabura ba, sannan ya fassara ta yadda ta dace da halin da aljihunsa ke ciki. Yana kai kukansa ga Ubangiji da wata irin tsokana da ƙorafi wadda kunnen Musulmi zai ji ta banbaraƙwai, amma a al'adarsu tsohuwar hanya ce ta mai imani, kuma ko sau ɗaya bai bar addu'a ba.

Arzikinsa na farko rubul 37 ne da saniya guda, ladan mayar da wasu mata biyu gida da suka ɓata a daji. Da ya tara rubul 100 sai wani ɗan'uwa mai daɗin baki ya karɓa zai juya masa, suka narke. Ka ga bambanci da Shomer: a nan sa'a 'yar ƙarama ce, kuma ba ta daɗewa.

Allah Ya ba Tevye 'ya'ya mata bakwai, a al'ummar da uban amarya ne ke biyan kuɗin aure, kamar yadda kake gani a finafinan Indiya. Biyar daga cikinsu kowace da labarinta. Tsaytl ta ƙi attajirin mahauci da uban ya amsa wa, ta zaɓi Motl, telan da ba shi da ko sisi, har Tevye ya ƙaga mafarkin ƙarya don ya shawo kan matarsa Golde. Hodl ta auri ɗalibi ɗan juyin juya hali, aka kama shi, ta bi shi can inda aka kore shi. Bayan Tevye ya gama ba da labarin rabuwarsu a tashar jirgin ƙasa, sai ya juya zance zuwa annobar kwalara a Odesa, wai don a samu abin nishaɗi. Wallahi nan ne za ka yi dariya hawaye na zuba. Khave ta auri Kirista ɗan ƙauyensu, ta bar addini. Iyayen suka yi mata zaman makoki tana raye. Wata rana ta tare shi a daji ta riƙe linzamin dokinsa, ya kaɗa dokin ya wuce, amma a hanya yana tambayar kansa dalilin da ya sa aka raba 'yan Adam gida-gida. Shprintse ta so ɗan wata attajira Bayahudiya, danginsa suka ɗauki abin a matsayin kwaɗayi, suka yi wa Tevye tayin kuɗi, suka kwashe ɗansu. Yarinyar ba ta ce uffan ba, ta faɗa kogi. Beylke ta ga abin da soyayya ta yi wa yayyenta, ta auri wani ɗan kwangila mai kuɗi don ta huta da ubanta. Mijin ya ji kunyar a ce surukinsa mai tallar madara ne, ya ba shi kuɗi ya yi nisa. Ƙarshe shi ma ya karye, suka tsere Amurka suna aikin ƙarfi.

Golde ta rasu. Motl tela ya rasu da tarin fuka. A labarin 1914 hukuma ta ba Tevye kwana uku ya bar ƙauyen da ya tsufa a cikinsa. Ana cikin ɗaure kaya sai ga Khave ta baro mijinta, ta ce inda za su nan za ta. Tevye ya juyo ya tambayi marubucin, wato ya tambaye ka kai mai karatu, da kai ne me za ka yi.

Yanzu dubi abin mamaki. Mene ne jigon wannan littafi? Yarinya da zaɓin zuciyarta, uba da alkawarin da ya ɗauka, talaka da attajiri. Kayan Shomer ne tsaf! Ashe matsalar ba a jigon take ba. Yarinyar nan mai hayar littafi ta san abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya, kuma shi ne abin da ke girgiza al'ummar baki ɗaya. Abin da Sholem Aleichem ya ƙara shi ne ya sa kowane zaɓi ya zo da kuɗinsa, kuma ya ba mu labarin daga bakin uban, mutumin da a littafin soyayya na kasuwa shi ne mugu. A nan ba mugu ba ne. Mutum ne mai ƙaunar 'ya'yansa da addininsa, abubuwan biyu suna ja, shi yana tsakiya yana yagewa.

ABIN DA YA CI DOMA

Masu kallon fim sun fi sanin Tevye ta hanyar Fiddler on the Roof, wato mai goge a kan rufin ɗaki, siffar da aka aro daga zanen Marc Chagall. Ya fara ne a matsayin wasan daɓe mai waƙoƙi a Niyok a 1964, aka nuna shi sau fiye da 3,000 a jere. A 1971 Norman Jewison, ɗan Kanada wanda ba Bayahude ba ne, ya mai da shi fim na kusan awa uku, da Chaim Topol a matsayin Tevye. An ɗauki yawancinsa a ƙauyukan tsohuwar Yugoslabiya. Mai ɗaukar hoto Oswald Morris ya lulluɓe idon kyamara da safar mata ta siliki don hoton ya fito da launin ƙasa-ƙasa. Fim ɗin ya ci kyautar Oska uku.

Kada ka ji ni da kuskure, fim ne mai kyau, kuma duk daraktan da ke son koyon yadda waƙa ke tura labari gaba maimakon ta tsayar da shi, ya zauna ya kalle shi da biro a hannu. Wurin rabuwar Tevye da Hodl a tashar jirgi, cikin sanyi da fili fetal, ba na jin akwai uban da zai kalla bai haɗiye wani abu ba.

Amma ɗauko littafin ka ajiye kusa da shi. 'Ya'ya bakwai sun koma biyar, labari biyar ya koma uku. Shprintse da Beylke an mai da su ƙananan yara marasa labari. Golde ba ta mutu ba, Motl bai mutu ba, har keken ɗinki ya samu. Khave ba ta baro mijinta ba, sai ma uban ya yi mata addu'a ƙasa-ƙasa. Tevyen littafi bai san inda za shi ba, na fim kuwa Amurka ya nufa. Wanne aka cire? Daidai labarai biyun da a cikinsu Bayahude mai kuɗi ne ya wulaƙanta Bayahude talaka. Tevyen littafi kusan shi kaɗai ne a ƙauye a tsakiyar waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Na fim an dasa shi a cikin gari mai ɗumi, kowa ɗan'uwan kowa, faɗansu na wasa ne, sharri duk daga waje yake zuwa.

Akwai dalili, kuma ba na raina shi. Tsakanin littafin da wasan, 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawansu masu jin Yidish. Garuruwan nan an shafe su. Masu kallo a Niyok a 1964 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka yi ƙaura, sun zo ta'aziyya ne, ba wanda yake tona aibin mamaci a wurin makoki. Duk da haka masu sharhi daga cikinsu ba su yi shiru ba. Irving Howe ya rubuta a mujallar Commentary a shekarar cewa an zuba wa rayuwar talakawan nan sukarin da ba ta da shi. Ka ji fa! Tuhumar 1888 ce ta dawo: ba rayuwar mutanenmu ba ce, an yi ne don a faranta wa mai saye. Sai dai wannan karo sunan Sholem Aleichem ne a jikin kayan. Kuma gaskiya mai ɗaci ita ce, ba don wannan fim mai sukari ba, da ni da kai wataƙila ba mu taɓa jin sunan Tevye ba. Shi kansa marubucin, da talauci da ciwon tarin fuka suka matsa masa, ya koma rubuta dogayen labarai masu ci-gaba-gobe a jaridu don ya ci abinci.

ABIN DA YA RAGE MANA

Wa ya ci shari'ar? A littattafan tarihi Sholem Aleichem ne. Yana da mutum-mutumi a Kiyef, ana karanta shi a jami'o'i, Shomer kuwa sai masu bincike. Amma waɗanda suka cika titunan Niyok ranar jana'izar Sholem Aleichem a watan Mayu na 1916, da aka ƙiyasta sun kai mutum 100,000, teloli ne da ma'aikatan masana'antu, irin mutanen da kasuwar Shomer ta koya wa karatu. Ɗaya ya share gona, ɗaya ya shuka. Kafin yaƙi masu jin Yidish sun kai miliyan 11. Da masu karatun suka ƙare, littattafan duka biyu juji ɗaya suka nufa. Daga 1980 wani matashi, Aaron Lansky, ya shiga bin gidajen tsofaffi da kwandunan shara a Amurka yana ceto littattafan Yidish, har cibiyar da ya kafa ta tara sama da miliyan ɗaya. Bai tsaya tambayar wanne ne adabi wanne ne shara ba. A 1978 kuma Isaac Bashevis Singer ya karɓi kyautar Nobel da wannan harshe da aka kira gwaranci.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba sai na ja maka zancen da tsawo ba. Mu ma mun yi tamu shari'ar, har ta kai an cinna wa littattafan soyayya wuta a Kano a 2007. Kotun 1888 duk zafinta ta takarda ce, kuma mai ƙarar ya biya kuɗin bakinsa da littafin da ya fi na wanda ya soka. Saboda haka duk mai sharhin da ya zo maka da cewa littattafan matan nan shara ne, ko finafinan nan wanki ne, ka saurare shi, don sau da yawa yana da gaskiya. Bayan nan ka tambaye shi ko ya taɓa zama ya ji abin da mai karatun take nema a ciki, sannan ka ce ya nuna maka nasa Tevyen. Marubuta da 'yan fim kuma kada su ɗauki wannan a matsayin lasisi. Shomer ya cika kasuwa, amma yau ba mai kuka a kan ko ɗaya daga cikin jarumansa, alhali Shprintse tana nan tana sa mutane kuka.

Mai jin Turanci ya nemi fassarar Hillel Halkin ta 1987, ya karanta kafin ya kalli fim ɗin, ko bayan ya kalla. A wasiyyarsa Sholem Aleichem ya roƙi a binne shi cikin talakawa ma'aikata, kuma duk shekara ranar da ya rasu iyalinsa su taru su karanta ɗaya daga labaransa masu ban dariya, da duk harshen da suka fi ganewa. Ni dai ina fatan wata rana wani daga cikin masu karanta wannan shafi zai sa Hausa ta shiga cikin harsunan.